Bijimin Luba da Hannun Jari

"Fetur dai, Ummaru," in ji Maharazu direba, yana nuna manyan motocin da suka yi layi a bakin iyaka, suna jiran 'yan kwastan su sake su zuwa Maraɗi. "Wacce cikinsu ke shan ruwan rijiya?"

Bawa mai gyaran rediyo bai ko ɗago ba. "Mota sai mai hali. Rediyo kuwa har makiyayi a Bugaje ya rataya. Kamfanin da ke harhaɗa su a Ikko za ka saya, in kana da hankali."

Tun da gwamnati ta ce kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, rumfar Bawa ba ta da wata hira. Su biyun baki kawai suke sawa. Ummaru ne ya ɗauki abin da gaske. Gobe kasuwa zai kai bijimin da matarsa Luba ta shekara tana turkawa da dusa da harawa, wanda ta ƙudura za a rufa ɗakinsu da kwano da kuɗinsa kafin damina. Ta yarda a zuba kuɗin a hannun jari, amma da tambaya guda.

"Luba ta ce, wa zai tsaya?"

"Tsaya mi?" in ji Maharazu.

"A kara in ka sayi sa, dillali ke tsayawa. In ya fito na sata ko mai ciwo, shi za ka kama. To, wanda na bi shawararsa cikinku, shi ne dillalina."

"Haba, Ummaru! Kamfani ai ba saniya ba ne." Maharazu ya yi dariya, sannan ya tuna bai zuba ruwa a lagireto ba. Ya miƙe.

Bawa ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya daɗe yana duban rumfar: teburi, batura, kwanon kayan gyara, kekensa a jingine.

"Na tsaya," ya ce. "In abin ya rushe, rumfar nan taka ce da abin da ke ciki."

Ya miƙo hannu. Ummaru ya dubi hannun, duk tabon ƙunar dalma. Tare aka yi musu kaciya da mutumin nan. Sai ya ga kansa wata safiya ya zo da amalanke yana loda teburin, Bawa kuwa, yadda ya san halinsa, har kama masa zai yi.

"Na fasa," in ji Ummaru.

"Rumfar tawa ka raina?"

"Ƙwarai kuwa. Mi zan yi da tarin rediyon da ba su magana?"

Bawa ya janye hannunsa, ya saki numfashi mai tsawo.

"Matsoraci," ya ce. "Haka za ka mutu kana bin wutsiyar sa."

Sannan ya leƙa waje, ya ƙwala wa mai shayi kira. "Sule! Haɗa masa mai kauri, ka cika madara. Ni zan biya."