Murfin Tankin Motar Wilf

Ba mutuwar motar ce ta ƙona wa Hilda Ackroyd rai ba. Mota mai shekara hamsin da biyar, in ta tsaya ta huta, wa zai ga laifinta? Maganar Neville makaniki ce. A taron ƙungiyar masu tsofaffin motoci, gaban mutum talatin, yana riƙe da kofin shayi, ya buɗe baki ya ce, "Motar marigayi Wilf lafiyarta ƙalau. Ƙafar da ke taka ta ce ta canza."

Aka kwashe da dariya. Neville fa, ɗan Edna! Yaron da Hilda ta sha share wa majina lokacin tana dafa abinci a makarantar ƙauyen.

Motar ja ce, mai kujera biyu da rufin tamfol. Shekara arba'in mijinta Wilf yana kai motar bakin teku ranar fitar ƙungiya, mil sittin, Hilda na gefensa ta ɗaure kai da gyale saboda iska. Da ya rasu ta ce bana ita za ta ja, ko sama da ƙasa za su haɗu. Ta kai wa Neville ya duba, ya dawo da ita tana ƙyalli kamar madubi. To, tun daga ranar motar ta koyi sabon hali. Mil goma sha biyu cif, sai ta fara tari, ta yi shure-shure, ta mutu. A bar ta rabin awa, ta tashi kamar ba ita ba. Neville ya canza famfon mai, ya canza fulogi, ya wanke kafireto. Kullum sai ya zagaya coci da ita sau biyu ya dawo yana ɗaga kafaɗa.

Saura kwana biyu a fita, Hilda ta hau hanyar tudu ita kaɗai. Motar ta mutu mata a tsakiyar tumaki.

"Ke ma kin bi bayan Neville ko?" in ji ta. "Munafuka."

Ta zagaya baya ta ga ko mai ne ya ƙare. Murfin tankin ya ƙi buɗuwa, sai da ta sa hannu biyu. Yana saki sai ta ji fuuu, tankin ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Mai kuwa ga shi nan fal. Ta rufe, ta murɗa makulli, mota ta tashi nan take. Hilda ta ja ta yi gaba. Ta ƙara mil goma sha biyu, aka sake mutuwa, ta sake buɗewa, aka sake fuuu. Sai ta juya gida tana murmushin da rabonta da shi tun ranar jana'iza.

Washegari ta shiga garejin Neville da gwangwanin madara da ƙusa a jakarta.

"Misis Ackroyd, in dai zancen motar nan ne..."

"Zauna, ɗan Edna. Miƙo kofinka."

Ta huda gwangwanin waje ɗaya ta kifa. Madara ta ɗiga sau uku ta tsaya.

"Ka gani? Ƙafata ce ta hana ta zuba?"

"Haba, Misis Ackroyd."

Ta sake huda shi ta ɗaya gefen. Madara ta zubo shaa, ta cika kofin, ta gangara kan takardunsa.

"Shekara talatin ina buɗe gwangwani, ba wanda ya ba ni takardar shaida na rataye a bango. Abin da mai ke fita daga cikinsa, dole iska ta shiga. Ina murfin Wilf?"

Kunnuwan Neville suka yi ja. Ashe tsohon murfin, da yake ya lotse ya dusashe, shi ya cire shi ya sa sabo mai ƙyalli, don alƙalan ƙungiya a kan ƙyalli suke ba da maki. Sabon ba shi da huda. Tsohon kuwa ga shi kan teburinsa a kife, ya cika shi da ƙananan notina. Hilda ta zazzage su a ƙasa, ta ɗaga murfin saitin taga. Ga 'yar ƙofa nan kamar ta allura, haske na ratsawa.

"Taimaka miki na yi," in ji Neville. "Wancan mummuna ne."

"Wilf ma ba kyakkyawa ba ne, amma bai taɓa barina a kan hanya ba."

"To, ki yi haƙuri."

"A nan? Gaban taya da jarka? A'a. Inda ka zubar a nan za ka kwashe. Gobe kai ne a kujerar gefe, kuma ba ka taɓa mini komai."

Ranar fita motoci ashirin suka jeru. Hilda ce ta bakwai, da gyalenta, tsohon murfin Wilf ya koma kan tanki. Neville ya naɗe dogayen ƙafafunsa a gefe, gwiwa har haɓa. Da suka kusa mil goma sha biyu ta ga yana leƙen agogon mota.

"Ƙirga da ƙarfi mana, in ji."

Sha uku. Ashirin. A gangaren ƙarshe ta taka totur ta wuce shugaban ƙungiya da doguwar motarsa, har hular Neville ta bi iska.

A bakin teku, kowa na riƙe da kifi da soyayyen dankali cikin takarda, Hilda ta buga cokali a jikin gwangwanin nan.

"Neville na da magana."

Ya miƙe, gashi a hargitse. "Laifin murfi ne. Ni na sa shi. Ƙafar Misis Ackroyd ba abin da ya same ta."

"Ba su ji ba can baya. Teku na surutu."

Ya maimaita da ƙarfi, har tsuntsaye suka tashi. Aka yi tafi, aka yi dariya, shi ma ya taya su. Hilda ta miƙa masa rabin kifinta.

"Ci, ɗan Edna. Da sauran mil sittin a gabanka."