Ajin da Ba Ya Tambaya

Shekara ashirin da tara malamar lissafi ta yi a makarantar, har ɗalibai suka raɗa mata Jan Biro, sunan kuma ya bi ta har ofishin malamai. A 'yan shekarun nan babu abin da take taƙama da shi kamar ajin ƙarshe. In ta gama darasi ta ce ko akwai mai tambaya, sai tsit. A ganinta sun gane ke nan.

Da hukumar makaranta ta ce za a auna kowane malami ta hanya biyu, malamai su zauna a ajin juna su ba da maki, ɗalibai kuma su cika takarda ba suna, ita ta fi kowa kumfar baki. Wanda aka ga ya gaza, a karɓe masa aji. Yaron da bai iya raba bakwai gida biyu ba, shi zai auna ta? Ai malami shi ya san malami. Kowa ya gyaɗa kai, kamar yadda akan yi wa maganar da aka saba ji.

Malamar tarihi, aminiyarta da suke tebur ɗaya, ita da wasu biyu suka zauna a bayan ajinta. Goma bisa goma suka ba ta.

Takardun ɗalibai ne shugaban makaranta ya yi ta jan ƙafa a kansu. Wai sai an tattara, wai sai an buga. Ta ce masa ita ta koya masa lissafi yana gajeren wando, ya miƙo mata. Ya miƙa, idonsa a kan tebur.

Wanda ya ƙirƙiro takarda ba suna bai taɓa duba littattafan aji ba. Shekara uku tana bin rubutun yaran nan da jan biro, ta san hannun kowa kamar fuskarsa. Ga na dogon da ke danne alƙalami har ya huda takarda: in an tambaye ta abu, wani daban take amsawa. Ga na 'yan biyu, iri ɗaya kamar kullum: tana da kirki. Sai rubutun da ya kwanta baya, na Bahaguwa, yarinyar da ta fi so a ajin. Ta rubuta cewa sau uku tana cewa ba ta gane wani lissafi ba, Malama tana cewa madalla, zauna. Na baya suka fara dariya. Shi ne 'yan aji suka haɗa baki aka daina tambaya, don kada a ƙara yi mata dariya. A ƙasa: Malama ba ta jin mu.

Jan Biro ta samu malamar tarihi tana haɗa shayi, ta ajiye mata takardar.

"Tun yaushe kuka sani?"

Aminiyar ta zagayo ta damanta kafin ta amsa, sai a lokacin Jan Biro ta lura kullum haka take yi.

"Shekara biyu, Yaya."

"Kuka ba ni goma."

"To nawa za mu ba ki? Ke kika riƙe mini aji wata uku da mijina ya kwanta."

"Yara arba'in sun haɗiye tambayarsu shekara biyu, ku kuna biyan alheri."

Malamar tarihi ta ce wani abu kanta a sunkuye. Bai iso kunnen Jan Biro ba.

Washegari ta shiga aji, ta miƙa wa Bahaguwa alli, ta ce ta rubuta tambayar nan a allo. Yarinyar ta tsaya kamar wadda aka kama da sata, sannan ta rubuta. Abu ne na minti biyar. Malama ta warware shi, wani ya taso ya rubuta nasa, wata ta biyo, har allo ya cika aka goge, ya sake cika. Wasu tambayoyin tun na bara ne. Ba ta kai rabi ba ta ga yara suna tattara jaka, ta gane an buga ƙararrawa.

Tun da safe ta riga ta shaida wa shugaba ya ba wani sabon malami ajin, jarrabawa saura wata huɗu, yaran suna bukatar mai kunne.

A bakin ƙofa Bahaguwa ta tsaya, idonta jawur, ta yi magana mai tsawo. Jan Biro tana kallon leɓɓanta suna motsi. Ta buɗe baki za ta ce madalla, sai ta rufe. Ta gyara wa yarinyar igiyar jaka a kafaɗa, ta koma ta ɗauki tsumman goge allo.