Dariyar Da Na Ce Na Goge

Wani dare ina kwance ina jiran barci, sai na ji matata tana dariya a bayan bango. Shekararta uku da rasuwa.

Ba dariyar da za a ce ta yi kama da ta wani ba ce. Takan fara kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba, ta hau, ta hau, ta tsaya cak kamar an ɗauke wuta, sannan ta fashe ta hanci. Na tashi zaune, na karanta duk addu'ar da na iya, na kara kunne a bango. Sai na ji kiɗa ya biyo baya, da muryar wani namiji yana ba da haƙuri. Ashe fim ne. Malama, maƙwabciyata, ce take kallo.

Ban yi minti biyar ba na gane hanyar da dariyar ta bi ta shiga fim, kuma da an ba ni zaɓi da na gwammace fatalwa ce.

Ni mai gyaran rediyo ne, aji huɗu na yi na gudu. Amma tun ina saurayi nake da wata cuta, ta ɗaukar sauti a kaset. Ina da kukan famfo idan ruwa zai dawo. Ina da minsharin wani direba da ya kwana a shagona. Ina da ruwan sama a kan kwano iri uku, don sabon kwano da tsoho ba harshe ɗaya suke yi ba. Wata rana na zauna a kan kujerar da ni da kaina na cire wa ƙafa, na baje a ƙasa, matata ta kama dariya. Rikoda tana kusa da hannuna, ina kwance na danna.

Da na kunna mata sai ta daina murmushi. Ba ta taɓa jin kanta ba.

"Haka nake yi?" ta ce. "A gaban mutane? Shekara ashirin babu wanda ya gaya mini?"

Na ce mata babu abin da na fi so a duniya kamar wannan ƙarar. Ba ta yarda ba. Ta sa na rantse zan goge, a gaban 'yarmu Auta, na rantse. Da dare na ɗauki biro na rubuta "ƙofar gareji" a jikin kaset ɗin, na tura shi ƙasan kwali. Ita kuwa daga ranar, in abu ya ba ta dariya sai ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta kawai ke rawa. Har ta bar duniya ban sake jin ta saki dariyar nan ba.

Kwana kaɗan bayan rasuwarta, Auta ta same ni a shago, idonta ya kumbura.

"Baba, duk kaset ɗin nan naka, babu inda muryar Mama ta shiga? Ko da tari ne."

Kwalin yana ƙarƙashin bencin da take zaune. Amma in na ciro shi, na nuna kenan na yi wa uwarta rantsuwar ƙarya, na kwana da ƙaryar shekara da shekaru. Na ce babu, ai a gabanki ta sa na goge. Auta ta share hawaye ta ce, "Allah ya saka maka, Baba. Ka riƙe mata amana." Na ce amin.

Bara wani mutum mai furfura a gemu ya kawo mini tsohuwar rikoda gyara. Aikinsa haɗa sauti a finafinai. Ya ga kwalayena, ya tambaya, na kunna masa famfon. A shekara arba'in shi ne mutum na farko da bai yi mini kallon mai taɓin hankali ba. Ya lumshe ido yana saurare, ya ce, "Baba, wannan ai taska ce." Kaina ya kumbura. Ba wanda ya roƙe ni, ba kuskure na yi ba, ni na tura hannu ƙasan kwali na ce masa, tsaya ka ji wadda ta fi duka. Ya ari kwalin na mako guda, ya dawo da shi cif. Na ɗauka ruwan saman zai ɗauka.

Washegarin daren nan na ƙwanƙwasa wa Malama ƙofa da sukuddireba a hannu. Tsohuwar malamar makaranta ce, mijinta ya rasu, ta tare kusa da ni bayan rasuwar matata, don haka ba ta santa ba. Na ce ina jin talabijin ɗinta yana gurnani ta bango, a bar shi haka zai ƙone.

"Mai rediyo, talabijin ɗina lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Amma tunda likita ya zo har gida, bismilla."

Ta bar ƙofar falo a buɗe, ta ajiye mini kujera a bakinta. Na ce sai an kunna wani abu zan gane ciwon. Ta sa faifan.

Labarin wani mutum ne da matarsa ta rasu ta bar takalma ƙafa goma sha ɗaya. Duk wata sai ya kwashe su a buhu ya kai shagon gyara a goge, ya dawo ya jera. Mai shagon mace ce mai tsiwa, tana yi masa ba'a, yana fushi, yana dawowa. Ita aka ɗora wa dariyar matata. 'Yar wasan siririya ce, bakinta ɗan ƙarami, da ƙyar take buɗe shi, amma sai ka ji ƙofar nan ta fara kuka daga cikinta. Sau huɗu a fim ɗin. Na ƙirga. A na huɗun, wajen ƙarshe, mai haɗa sautin bai yanke wutsiyar ba, ya bar inda matata ta ce, "Wayyo cikina."

Na koma washegari, na ce ban gama gano gurnanin ba. Na koma jibi. A mako na biyu na daina ɗaukar sukuddireba.

Malama tana son fim ɗin kamar me, ba ta gajiya. Takan haɗa mini shayi, ta lura ba na son sukari da yawa ba tare da na faɗa ba. Takan yi faɗa da mutanen cikin akwatin kamar 'yan ajinta.

"Dubi wawa! Mace tana tsaye a gabansa da ƙafafunta biyu, shi yana can yana shafa takalmin da babu ƙafa a ciki."

"Ai kewa ce, Malama."

"Kewa ba ta hana mutum ya ɗaga kai. Sha shayinka, zai huce."

Wani mai kanti da ke ƙasan benenmu ya fara ce mini ango in na wuce. Na ga Malama ta sake labule, ta sayi kofi na biyu mai hannu. Na san abin da take tsammani, na kuma san abin da ya kawo ni, na ci gaba da shan shayin baiwar Allah. Sai dai wani abu ya faru da har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Wata yamma tana ba ni labarin yadda mijinta ya koyi tuƙi a bayan tsufa ya shiga shagon mai kifi da mota, ina ta dariya har da hawaye, da na waiwaya sai na ga dariya ta biyu ta cikin fim ɗin ta wuce ban ji ba. Ban kuma ce a mayar baya ba.

Ana haka Auta ta zo mini kwana biyu daga garin da take aure. Tun a matakala Malama ta tare ta.

"Ke ce Autar? Tubarkalla. Yau da yamma ki zo ki ga fim ɗin da ya hana babanki zaman gida."

Auta ta dube ni ta gefen ido tana murmushi. A ɗaki ta ce, "Baba, ba sai ka ɓoye mini ba. Matar tana da kirki. Mama ma ba za ta so ka zauna kai da kwalaye ba." Na ce faifan ya karce, ba ya yi. Malama ta jiyo ta taga ta ce ƙarya nake, ko jiya mun kalla.

Da yamma muka zauna kallo a falon Malama. Na san wuraren huɗu kamar yadda na san layin tafin hannuna, don haka na shirya. Da mai shagon ta ɗaga wani takalmi mai tsini ta buɗe baki, na saki tari, na ja shi har ta rufe. Auta ta bubbuga mini baya. A na biyu na ture faranti da cokula da gwiwa. A na uku na ɗaga murya na tambayi Auta lafiyar mijinta, da uwar mijinta, da ko sun gyara rufin da ke yoyo.

"Baba, ka tambaye ni wannan da rana."

"Mai rediyo, yau ko ƙudan zuma ka zauna a kai?" in ji Malama.

Gumi ya jiƙa mini riga. Saura ɗaya. A fim ɗin, mutumin ya zo shagon babu buhu, ya tsaya yana kame-kame, ya ce takalminsa ne ya kawo, alhali sabo ne fil. Na ja numfashi zan yi tari, sai Malama ta danƙa mini kofin ruwa a hannu ta ce, "Sha, ka yi mana shiru. Nan ne wurin." Auta kuma ta riƙe ɗaya hannun nawa, don tausayi.

Dariyar ta fito gaba ɗayanta. Ta hau, ta tsaya, ta fashe. Wayyo cikina.

Na ji yatsun Auta sun yi sanyi a cikin nawa, sannan ta zare su.

"Malama, don Allah mayar da shi baya kaɗan."

Malama ta mayar tana cewa ai ita ma nan ta fi so. Aka sake. Auta ta ce a ƙara. A na uku ta sauka daga kujera ta durƙusa gaban talabijin, ta kara kunnenta a inda sautin ke fita, ta rufe ido. Da ya wuce ta karɓi rimot ta tsayar da hoton. 'Yar wasan ta daskare da baki a buɗe.

"Ranar kujera ce," ta ce, ba ta juyo ba. "Ina tsaye a bakin kicin."

Na ce e.

"Ka ce ka goge."

"Ban goge ba."

"Na zo shago na roƙe ka. Na ce ko tari ne."

"Kina zaune a kansa, Auta. Yana ƙarƙashin bencin."

Sai a lokacin ta juyo. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Ka hana ni, ka ba mutanen da ba su ma san sunanta ba."

Na ajiye kofin da ke hannuna. Na ce kaset ɗin yana nan, an rubuta ƙofar gareji a jiki, in tana so yanzu na sauka na ɗauko. Ta goge fuska da bayan hannu tana kallon bakin 'yar wasan.

Malama ta daɗe tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an yi mata bayani ba, mace ce da ta shekara talatin tana gane wanda ya yi laifi daga yadda ya zauna. Ta sunkuya ta tsince cokulan da na watsar, ta jera su a faranti, ta gyara mayafinta. Sannan ta tambaya, ba da faɗa ba, da muryar da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Mai rediyo, dama wurin marigayiyar kake zuwa?"