Sunan Ɗan Mudi Ba Na Aro Ba Ne

A Kafin Maiyaki, in kana so ka ga mai furfura ya ajiye girmansa a gefe, tambaye shi wane ne gwanin ƙwallo na duniya. Rabin gari na Messi ne, rabi na Ronaldo, kowa na rantsuwa a kan nasa kamar da shi aka raɗa masa suna. Mu'azu ɗan Mudi kuwa ba ya cikin ko wane ɓangare. Shi gwaninsa Puyol ne, tsohon ɗan bayan Barcelona mai tulin gashi, kuma duk ranar da ya faɗi haka a gidan kallon Alhaji Uba sai an yi masa dariya.

"Ƙwallo nawa ya ci?" Alhaji Uba yakan tambaya.

"Ka tambayi nawa ya hana a ci, Alhaji."

"Wannan zancen 'yan baya ne. Babban ɗan wasa shi ne wanda ya kawo kofi gida, sauran duk surutu ne."

Mu'azu ɗan acaɓa ne, kuma shi ne mai riga lamba biyar a ƙungiyar Zaratan Kafi tun kafin ya yi aure. Yanzu abokan wasansa Baba suke ce masa, rabi girmamawa rabi tsiya. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da fara yi masa gardama. Amma kansa na aiki, ya san inda ƙwallo za ta faɗo kafin mai bugun ya ɗaga ƙafa, kuma da wannan sanin ya tsare gida har Zarata suka cinye shiyyar Kiru da Bebeji a gasar rani ta bana. Saura wasan ƙarshe a Tudun Wada, da wata ƙungiya daga gefen Falgore, yawancinsu 'ya'yan makiyaya. Ɗan gabansu Zailani, duk wanda ya gan shi sai ya dawo yana girgiza kai. An ce yaron ba ya gajiya, kuma in ya jefa ƙwallo gaba, to sai dai ka ga bayansa.

Gasar ta 'yan gari ce zalla, ba a yarda da ɗan haya ba. Babu wata takarda da ake dubawa. Abin da ake yi shi ne faɗin gida: kafin wasan ƙarshe kowane ɗan wasa ya fito tsakiyar fili ya faɗi sunansa da sunan ubansa da unguwarsu, sai wani dattijo daga garinsa ya ce ya shaida. Duk ƙungiyar da aka kama da ƙarya, abokan karawarta na da ikon ɗaukar kofin ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Waɗanda suka kafa gasar sun ɗauka babu ɗan halak ɗin da zai canza uba saboda kofin da ko fura ba a damawa a cikinsa. Ba su san Alhaji Uba ba, wanda shi ne uban ƙungiyar Zarata, kuma ya riga ya buga wa kofin nan kanta a gidan kallonsa.

Ana jibi wasa, bayan la'asar, Alhaji Uba ya aika aka kira Mu'azu. A bayan gidan kallon ya same shi tare da wani dogon saurayi mai cinyoyi kamar turmi.

"Wannan Sadiq ne, daga birni," in ji Alhaji Uba. "Lamba biyar yake bugawa. Mu'azu, ba na so mu yi wa juna kwana-kwana. Ƙafarka ba za ta riƙe Zailani ba, kai ma ka sani."

"To ka ajiye ni a benci, ka sa wani daga cikin yaranmu."

"Wanne? Dukansu zai taka ya wuce. Sadiq ne zai buga, amma da sunanka. A Tudun Wada ba wanda ya san fuskarka. Malam Mudi ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ba ka da wa ba ka da ƙane da zai ɗaga murya. Ka kwanta a gida ka ce zazzaɓi ne. In an ɗauko kofi, ai da sunanka aka ɗauko."

Mu'azu ya gane. Wato rashin uba da rashin 'yan uwa ne ya sa aka zaɓe shi, kamar gonar da ba mai ita.

"Wa zai shaida?"

"Malam Rufa'i."

Nan ne abin ya fi yi masa ciwo. Malam Rufa'i aminin Mudi ne tun suna samari, shi ya yi wa Mu'azu walicci. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance mutum da buhu sai an yi magana. Zai ji an ce ɗan Mudi, ya shaida da zuciya ɗaya, a sa shi ƙarya bai sani ba.

"Yara duk sun amince," Alhaji Uba ya ƙara. "Kai kaɗai ka rage. Gari ne fa, Mu'azu, ba kai ba."

Mu'azu bai ce komai ba. Alhaji Uba, da yake mutum ne mai jin abin da yake so ya ji, ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa. Kafin magariba ya turo aka karɓi rigar.

Shamsiyya matarsa ita ta miƙa rigar daga kan igiya, sa'an nan ya kwashe labarin duka ya ba ta.

"To Baban Nusaiba, in an dawo da kofin, wa zan yi wa guɗa? Kai ko shi?"

"Ki bari, Shamsiyya. Gaskiya Alhaji ya faɗa, ƙafar ta mutu."

"Ni ban ce ba ta mutu ba, ni da nake gasa ta da ruwan zafi. Tambaya na yi."

Haushi ya kama shi, kuma bai san ko haushin wa yake ji ba. Yana son kofin nan fiye da yadda Alhaji Uba ke son sa. Ya tsufa yana bin sa. Kuma ya san da Sadiq a baya za a iya ɗauko shi, da shi kuwa sai an yi sa'a.

Ranar wasa da hantsi ya kwanta a tabarma a tsakar gida, yana jin bas-bas na ɗibar mutane, ana ta hon ana kaɗa ganga. Ya juya fuska bango. Can Shamsiyya ta dawo daga ɗebo ruwa ta sauke tulun da ƙarfi.

"Na ga Baba Rufa'i an riƙe masa hannu za a sa shi a mota. Ya sa babbar rigarsa ta Idi. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ce masa yau zai je ya tsaya wa ɗan amininsa."

Mu'azu ya ɗan jima a kwance. Sa'an nan ya miƙe, ya ɗaure gwiwar da bandeji, ya rataya takalman ƙwallonsa a wuya, ya fitar da babur. Shamsiyya ba ta tambaye shi ina za shi ba, ƙyauren kawai ta buɗe masa.

Ya isa Tudun Wada an riga an fara faɗin gida. Fili ya cika maƙil, har kan bishiyoyi. 'Yan Falgore sun gama nasu, suna tsaye a jere, sirara dogaye. Ana miƙa wa Zarata lasifika ɗaya bayan ɗaya, Malam Rufa'i na zaune a kujera a tsakiya yana amsawa. Mu'azu ya kutsa ta cikin mutane har bakin igiya, daidai lokacin da lasifikar ta zo hannun mai riga lamba biyar.

"Mu'azu ɗan Mudi," in ji Sadiq, murya ƙasa-ƙasa, "unguwar Makera."

Malam Rufa'i ya gyara zama, fuskarsa ta washe, ya buɗe baki.

"Baba, dakata."

Mu'azu ya tsallake igiyar. Bai yi gudu ba, bai kuma ɗaga hannu ba, ya taka har gaban kujerar ya durƙusa ya gaida tsohon, sa'an nan ya miƙe ya juya ga jama'a. Bai nemi lasifika ba.

"Mudi na Makera ɗa namiji ɗaya ya bari, kuma ni ne. Wannan bawan Allah yana da nasa uban, ku tambaye shi zai faɗa."

Fili ya ɗauki hayaniya. Alhaji Uba ya taho da sauri, hularsa ta karkace.

"Ka haukace ne? Ka san abin da ka yi wa gari?"

"Na sani, Alhaji. Ka ce babban ɗan wasa shi ne wanda ya kawo kofi. To wannan in ya kawo, wa ya kawo? Shi ba zai iya cewa shi ne ba, ni ba zan iya cewa ni ne ba. Rigar taka ce, ka ba wanda ka so. Sunan ba kai ka yanka masa rago ba."

Malam Rufa'i ya laluba ya kama hannun Mu'azu ya riƙe. "Wannan dai muryar gidan Mudi ce," ya ce. Ya juya kai inda yake jin numfashin Alhaji Uba. "Uba, ashe abin da ka ɗauko ni in yi ke nan?" Alhaji Uba ya kawar da kai.

Shugaban kwamitin gasar ya kira Zailani, wanda shi ne kyaftin ɗin Falgore, ya ce masa kofi nasu ne in suna so. Zailani ya dubi kofin a kan tebur, ya dubi Sadiq daga sama har ƙasa, sa'an nan idonsa ya sauka kan bandejin gwiwar Mu'azu ya tsaya a can. Ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, mun bar shanu a hannun ƙanne mun taho tun safe, ba don a miƙo mana abu a tebur ba. A ba mai sunan rigarsa. Shi nake so."

Mu'azu ya gane murmushin nan sarai, ba na tausayi ba ne. Sadiq ya tuɓe rigar ya miƙa masa ba tare da ya haɗa ido da shi ba. Tana da ɗumin jikin wani, haka ya zura ta.

Kafin hutun rabin lokaci Mu'azu ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba. Bai bi Zailani da gudu ba, don ya san hauka ne. Inda yaron zai nufa yake riga shi zuwa ya tsaya. Ya cire ƙwallo da ka, ya cire da ƙirji, akwai wadda ya kwanta ya tare a kan layin raga ta bugi haƙarƙarinsa har numfashinsa ya ɗauke. Abokan wasansa ba mai yi masa magana. Ko da ya yi kiran a dawo baya, sai su dawo ba tare da sun dube shi ba. Aka tafi hutu babu ci, gwiwar ta kumbura har bandejin ya shige cikin nama.

Bayan an dawo, 'yan Falgore suka daina wahalar da kansu. Duk ƙwallon da suka samu sai su cilla ta bayan lamba biyar, ta gefen hagu. Ya tare ta farko, ya tare ta biyu. Ana dab da tashi Zailani ya karɓi wata a gabansa, ya yi kamar zai yi dama, ya tura ta hagu. Mu'azu ya ga yankan tun kafin a yi shi, kansa ya riga ya juya, ƙafar ce ta ƙi. Ya zube a kan gwiwar, yana kallo yaron ya wuce ya zura ta a raga.

"Zailani ya yanke Mu'azu ɗan Mudi ya ajiye," in ji mai lasifika, kuma ya maimaita don wanda bai ji ba.

Da haka aka tashi, ɗaya da nema.

'Yan Kafi ba su rage masa komai ba. Wani ya ce ya sayar da gari, wani ya ce tsoho ya ƙi tsufa, wata ledar ruwa ta fashe a kafaɗarsa. Yaran da ya koya wa tsayuwa a fili suka wuce shi suka hau bas. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, har ya ji idonsa na neman kawo ruwa, don ba ƙarya suka yi ba, ta wajensa aka ci. Ya ɗingisa ya je inda ya ajiye babur. Malam Rufa'i na can tsaye da sandarsa, ya ƙi shiga motar da ta kawo shi. Mu'azu ya tattare masa babbar rigar ya ɗora shi a baya.

Yana shirin tayarwa motar Alhaji Uba ta tsaya a gefensa, gilashi ya sauka.

"Ka huta yanzu? Da ka yi kwanciyarka, da yau ana yawo da sunanka a kan kofi. Yanzu kuwa har ka mutu, duk wanda ya tuna wasan nan a Kafi, sunanka zai kira ya zaga."

Mu'azu ya gyara wa tsohon ƙafa a kan matakin babur. Ya ɗago ya dubi Alhaji Uba.

"Ya kira, Alhaji," ya ce. "Zan amsa."