Takalmin Hagu na Tolganai

Ana gab da tashi daga zagaye na biyu na wasan hokin ƙanƙara, faifan robar da ake bugawa ya daki takalmin hagu na Tolganai, ta ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin tafinta. Ta daure har aka busa usur.

Ita ce ke tsaron baya a ƙungiyar hokin mata ta birnin Oskemen. Tun da idon sawunta ya karye ya warke a karkace, babu takalmin kanti da ke shigarta. Dauletbek, tsohon maƙerin masana'anta da take kira aga, wato babban yaya, shi ya auna ƙafar ya ƙera mata wannan da hannunsa. Shekara uku tana wasa da shi.

Hutun minti goma sha biyar ne, kuma suna gaba da ci ɗaya. Koci Rimma ta juya takalmin, ta ga ƙusa biyu sun fita daga inda wuƙar da ake sulɓi da ita a kan ƙanƙara ke manne da tafin.

"Kin gama na yau," in ji ta.

"A kira min aga tukuna," in ji Tolganai.

Dauletbek ya sauko daga cikin 'yan kallo yana haki, da 'yar jakar kayan aikinsa. Ya buga sababbin ƙusoshi, sannan ya lanƙwasa takalmin kusa da kunnensa. Fuskarsa ta canza.

"Tafin ya tsage ta ciki, 'yata. In gudu ne, zai ɗauke ki. Amma tsayawa da ƙarfi a kan hagu, ban sani ba."

"Kai ka ƙera shi, aga."

"Ni na ƙera, shi ya sa nake gaya miki. In ya buɗe, da ƙafar zai tafi."

Rimma ta dubi agogo. "Saura minti huɗu. Ba zan tilasta ki ba."

Tolganai ta karɓi takalmin ta saka, ta ɗaure igiya. 

Duk zagayen ƙarshe a kan dama take tsayawa. 'Yar gaban baƙin, wata doguwa mai lamba tara, ta gane. Saura minti ɗaya ta ɗauko faifan ta nufo hagunta kai tsaye. Babu kowa a bayan Tolganai sai mai tsaron raga.

Ta kafa wuƙar hagu da duk nauyinta. Ƙanƙara ta yi feshi, zafi ya harba har gwiwarta, amma takalmin ya riƙe. Ta miƙa sanda ta zare faifan, ta wurga shi can ƙarshen fili.

Da aka tashi da nasararsu, ba ta bi sauran tsallen murna ba. Ta zauna a benci ta kwance igiyar, tafin takalmin ya rabu gida biyu a hannunta. Dauletbek ya durƙusa ya matsa idon sawun a hankali.

"Motsa yatsun."

Ta motsa. Sai a lokacin ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa ya share gumi.