Ragowar Noti

Da mantuwa ta fara damun Baba, likita ne ya ce a samo masa aikin hannu mai ƙananan kaya, a ga yadda zai yi. Babban ɗansa ya sayo motar wasa mai rimot, irin wadda ake haɗawa da kanka: kwali ɗaya, leda goma sha biyu kowace da harafinta, da littafin bayani mai shafi arba'in. Ranar Asabar da hantsi suka baje kayan a teburin falo.

Baba ya shekara arba'in da biyu yana kanikanci kafin 'ya'yansa su rufe masa gareji. Dokarsa ɗaya ce, duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya haddace ta: ragowar noti ba riba ba ce. In an gama aiki sai a zazzage aljihu a faranti, in an ga ko noti guda ya rage, a sake kwance motar. Ɗan kuwa a ofis yake aiki, bai taɓa riƙe sifana ba, shi ya sa Baba ke kiransa Injiniya don zolaya.

Auta, ƙanwar Injiniya, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke bayan gari, tafiyar awa ɗaya, rabinta gangara. Da safe ta biyo ta gaishe su, ta ce birkinta na ƙara. Injiniya na wanka lokacin da Baba ya fita da akwatin kayansa. Da ya fito ya tarar an gama, Baba na goge hannu da tsumma. Ya so ya yi magana, Auta ta harare shi, ta ce a ƙyale tsoho ya ji daɗinsa, ai shi ya koya wa rabin makanikan garin nan aiki. Ta zauna ta taya su buɗe ledoji, sai ƙarfe biyu ta tafi.

Aikin ya yi kyau da farko. Baba bai kalli littafin ba. Ya haɗa giyar baya cikin minti ashirin, ya shafa mata giris daidai, ya yi tsaki kan sifirin da ya ce na biro ya fi shi ƙarfi. A leda ta goma sha ɗaya ya tambayi ina Auta. Aka ce ta tafi aiki. A ta goma sha biyu ya sake tambaya.

Ƙarfe biyu da rabi suka sa batir, suka fita da motar kan simintin ƙofar gida. Injiniya ya ja maɓallin wuta a hankali. Ta tafi santal, ta kai bakin get, ya karya kwana. Tayar gaba ta hagu ta fice, ta gangara ita kaɗai har cikin kwata. Motar ta ja ƙafa, ta kife.

Baba ya yi dariya, ya ce direba ne ba ya da lasin. Injiniya ya tsamo tayar ya duba. Babu noti a jikinta, ba a ma taɓa ɗaura shi ba. Ya ce wa kansa ƙaramin abu ne, ido na iya tsallake shi.

Suka koma falo. Baba ya jawo faranti kamar yadda ya saba, ya juye aljihun rigarsa. Ƙananan ƙusoshi huɗu suka zubo, da ɗan notin tayar mai kamar ƙwayar shinkafa. Sai wasu biyu suka faɗo da ƙara mai nauyi, manya, baƙi da dauɗar titi.

Baba ya ɗauki ɗaya, ya kara shi da tayar motar wasan. Notin ya kusa kai girman tayar.

“Injiniya, duba littafinka. Wannan na wace leda ne?”

“Baba, tayar motar Auta noti nawa ne?”

“Huɗu.”

“Da ka mayar da ita, ka ɗaure da sifana?”

Baba ya kalli farantin. Ya ce ya tuna ya kwance, ya tuna ya sa sabon birki, ya tuna ya ɗaura noti biyu da hannu. Daga nan sai goge hannu.

Injiniya ya kira Auta. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, ya tura saƙo, ya kira asibitin, suka ce ba ta iso ba, sai ƙarfe uku take karɓar aiki. Agogon bango ya nuna uku saura kwata. A lissafinsa ta shiga gangarar.

“Ba za ta ɗauka ba,” in ji Baba. “Ni na koya mata tuƙi. Na ce ko ni ne na kira, kar ta taɓa waya sai ta kashe mota.”

Injiniya ya ɗauki makullinsa. Baba ya riga shi zuwa ƙofa, ya buɗe akwatin kayan aiki, ya zaro sifanar taya ya miƙa masa, sannan ya damƙa masa notin biyu a tafin hannu ya rufe da nasa.

“Ta gaba ce. Hagu ko dama, ban sani ba, ka duba duka. Ka riƙa kallon gefen hanya, har ƙasan gangarar.” Ya saki hannun. “Sifanar kuma kar ka dawo min da ita.”

Motar Injiniya ta fita. Baba ya koma teburi, ya buɗe littafin a shafi na ɗaya, ya fara kwance motar wasan ƙusa bayan ƙusa, yana jera su a faranti, wayar gidan na gefen hannunsa.