Ko Uhum Adawiyya Ba Ta Ce Ba

Tani ta Dudunni ba muguwar uwa ba ce, kada wani ya ɗora mata wannan. Abin da aka koya mata shi ta koyar. Ranar da 'yarta Adawiyya ta dawo gida goyon ciki, tana da shekara goma sha biyar, Tani ko ido ba ta ɗaga ta dube ta ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa. Sai da ta ba ta baya tana tankaɗe sannan ta ce, "Ke, in abin ya zo ki riƙe bakinki. Gidan ga ba a taɓa jin kukan mai naƙuda ba. Kamarki nike sadda na haihe ki, ba wanda ya ji ni."

Kamilu, mijin yarinyar, ɗan acaɓa ne a Kusada. Ya taɓa kawo maganar awo, aka yi masa dariya wai ya fi mai cikin zumuɗi. Daga nan ya ja bakinsa.

Naƙuda ta tashi ranar Talata da hantsi, maza duk suna gona yankan gero. Tani na daka a tsakar gida, kunnenta na ɗaki. Shiru. Har daɗi ta ji, wallahi, ta ce a ranta yarinya ta gado ta. Laraba ma shiru. Nagoggo ungozoma ta shiga ta fito, ta ce haihuwar fari ce, da saura, a ƙara mata rubutu. Hankalin Tani ya tashi. Sau uku tana kaiwa bakin ƙofa tana juyowa, don me mata za su ce in suka ga uwa na rawar jiki a kan 'yar fari? Allah wadaran irin wannan kunya.

Sai ranar Alhamis da safe ta ɗaga labule. Ta iske Adawiyya a durƙushe, gefen zane cushe a baki ta tauna shi har ya yage, jiki zau da zafi. Nan Tani ta manta da mata da abin da za su ce, ta fita ba mayafi tana neman mota.

A asibiti a Kankiya, malamar jinya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Ƙugunta bai gama girma ba, kan ɗan ya kasa wucewa. Tun jiya ya rasu. Da shekaranjiya kuka zo."

Aka yi aiki aka ciro shi, namiji. Kamilu ya karɓe shi a naɗe a zane. Bayan kwana uku shimfiɗar yarinyar ta fara jiƙewa, a canza ta sake jiƙewa. Malamar ta ce yoyon fitsari ne, kan ɗan ya daɗe yana danne mafitsara. Wata akan gyara, wata ba ta gyaruwa.

Tani na sauya mata zane, baƙin ciki kamar ya kashe ta, Adawiyya ta buɗe ido. Da ƙyar muryarta ke fita.

"Inna," ta ce, "ban ba ki kunya ba ko? Ban yi kuka ba."